Tsakanin Mai Tabarau Da Mai Hoto

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a shagunan masu hoto da ofisoshin rajista na ƙasar nan, tun daga Ikko har Maiduguri, wadda duk mai sa tabarau ya haddace ta don yawan jinta. Da zarar mutum ya zauna a kujera, ya gyara hula ko ɗankwali, ya tattara hankalinsa wuri guda, sai ya ji an ce, "Alhaji, a ɗan taimaka a cire tabarau," ko kuwa, "Hajiya, gilashin nan zai ɓata mana aiki." Galibi ba mai yin musu. Sai mutum ya zare tabarau ya riƙe a hannu, ya zura wa kyamarar da ba ya gani sosai ido, a ɗauka. Ran da hoto ya fito sai ga wani baƙo a kan takarda, idanu a ƙanƙance, ga tabo biyu a karan hanci, fuska kamar ta wanda aka tasa daga barci. Iyali su kewaye hoton suna tambayar juna ko wannan kuwa Baba ne.

Abin da wannan fili zai duba a makon nan shi ne, shin yaushe ne mai hoto ke da gaskiya in ya ce a cire tabarau, yaushe ne kuma ganda ce kawai da ƙarancin sanin sana'a? Amsar a taƙaice ita ce, hoto iri biyu ne. Akwai wanda hukuma ke bukata domin shaidar mutum, shi wannan yana da dokokinsa, kuma bin su shi ne zaman lafiya. Akwai kuma wanda mutum ke ɗauka don tarihi da zumunci, na biki da suna da Salla da sauke karatu, wanda a cikinsa tabarau wani yanki ne na kamannin mai shi, kuma gyaran haske aikin mai hoto ne. Haɗa waɗannan biyun a kwando guda shi ne asalin rigimar.

INA ƘYALLIN KE FITOWA?

Kafin a yanke wa kowa hukunci ya kamata a san abin da mai hoto ke gudu. Haske yana da ɗabi'a irin ta ƙwallon da yaro ya buga a jikin bango. In ya buga ta kai tsaye, kai tsaye za ta dawo masa. In kuwa ya buga ta a karkace, sai ta tafi ɗaya gefen, da gwargwadon karkatar da ta zo da ita. Masanan Girka na dā sun san wannan, sa'an nan shahararren malamin nan Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya tabbatar da shi ta hanyar gwaji, ya kuma faɗaɗa bayaninsa a littafinsa Kitabul Manazir, wanda ya rubuta tsakanin shekarar 1011 da 1021. Shi ne kuma ya yi cikakken bayani a kan yadda haske kan shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar kafa, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, watau tushen da aka gina kyamara a kansa.

To, gilashin tabarau, duk da yake garai yake, ba dukan hasken da ya same shi yake bari ya wuce ba. Gilashin da ba a yi masa wani shafi ba yakan mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na haske daga fuskarsa ta gaba, ya kuma mayar da kamar haka daga ta baya, jimla wajen kashi 8 ke nan. Mai karatu zai ce ai wannan ɗan kaɗan ne. Haka ne, amma fitilar nan mai walƙiya da ke bisa kyamara tana da ƙarfi ainun, har kashi 8 nata ya fi dukan hasken da ke fitowa daga ƙwayar idon mutum. Tun da yake kuma fitilar tana zaune dab da idon kyamara, tana fuskantar mai tabarau kai tsaye, sai haskenta ya bugi gilashi ya dawo ta inda ya fito. Abin da ke fitowa a hoto ke nan kamar fararen kuɗi biyu a maimakon idanu.

Ashe ke nan laifin na mazaunin fitila ne. In aka gusar da ita gefe ko aka ɗaga ta sama, ƙyallin yana nan bai gushe ba, sai dai ya tafi wani wuri inda kyamara ba ta ganinsa.

TABARAU A CIKIN TARIHIN HOTO

An ƙago tabarau a ƙasar Italiya a ƙarshen ƙarni na 13, wajen shekarar 1290. Zane mafi daɗewa da aka sani na mutum sanye da tabarau kuwa yana garin Treviso, a ƙasar ta Italiya, wanda wani mai zane, Tommaso da Modena, ya yi a 1352. Wanda aka zana ɗin wani babban limamin Kirista ne, Hugh na Saint-Cher, yana zaune yana rubutu. Abin mamaki a nan shi ne, limamin ya rasu tun 1263, watau kafin a ƙago tabarau ɗin ma. Mai zanen ne ya ɗora masa, domin duk wanda ya duba ya san cewa wannan ma'abucin ilmi ne. Tun daga farkon al'amari ke nan tabarau ke magana a kan mai shi.

Mai zane yana da zaɓi, abin da ya ga dama yake sawa, wanda bai so ba ya bari. Kyamara kuwa ba ta da kara, abin da ya shigo mata shi take ajiyewa. Saboda haka tun da sana'ar hoto ta kafu a 1839 masu ita ke kokawa da ƙyallin gilashi. Sauƙi ya fara samuwa a 1935, sa'ad da wani masani mai suna Alexander Smakula, a kamfanin Zeiss na Jamus, ya gano hanyar yi wa gilashi wani siririn shafi mai hana haske dawowa. Da wannan shafi ƙyallin kan ragu zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100 a kowace fuska. A yau yawancin masu yanka gilashi suna da shi, kuma duk wanda aikinsa ya shafi yawan tsayawa gaban kyamara, kamar mai karanta labarai a talabijin ko malami mai wa'azi, ya kamata ya tambaya a sa masa.

Duk da wahalar ƙyalli, manyan masu hoto ba su raba mutane da tabaransu ba, domin sun san cewa da shi aka san su. Mai karatu ya zaro takardar Naira 100 daga aljihu, wadda aka fara fitarwa a Disamba 1999, zai ga Cif Obafemi Awolowo da tabaransa mai da'ira. A cire wannan tabarau a gani ko mutum nawa za su shaida shi nan take. Haka Alhaji Shehu Shagari, wanda doguwar hula da farin gilashi suka zama tambarinsa. Haka Patrice Lumumba na Kwango da Malcolm X na Amurka. Mahatma Gandhi na Indiya ma har abin ya kai ga cewa, da gwamnatin ƙasarsa ta ƙaddamar da gangamin tsabtace ƙasa a 2014, tabaransa kaɗai aka zana a matsayin alamar gangamin, ba tare da fuskarsa ba, kuma kowa ya gane. A ɗaya ɓangaren kuma, baƙin gilashin Janar Sani Abacha ya nuna cewa tabarau yana iya zama labule, ya hana jama'a karanta abin da ke cikin ido. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma in an rufe ido, rabin labarin ya tafi.

A nan Afirka ta Yamma, Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948 ya kuma rasu a 2001, yakan ajiye kwat da alƙalami da rediyo da furen roba domin ara wa masu zuwa ɗaukar hoto. Cikin hotunansa da suka zaga duniya akwai na wani saurayi da farin kwat, alƙalami a aljihu, fure a hannu, tabarau a fuska, idanunsa kuma tar ana ganinsu. Keita ya fi yin aiki a tsakar gida da hasken rana. Abin da ya yiwu a Bamako shekaru saba'in da suka wuce, da kyamarar da ba ta kai ta wayar yau dabara ba, ai babu hujjar a ce ya gagara yanzu.

INDA CIREWA TA ZAMA DOLE

Amma fa gaskiya ɗaya ce, akwai wurin da mai tabarau ba shi da ta cewa. Hoton fasfo da biza da katin shaida ba don ado ake yinsa ba, kuma a zamanin nan ba mutum kaɗai ke duba shi ba, har da na'ura. Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada, ita ce ke tsara ƙa'idojin fasfo, kuma a 2003 ta tsayar da cewa fuska ce babbar alamar da na'ura za ta riƙa tantance matafiyi da ita. Ita na'urar tana fara aikinta ne daga idanu. Sai ta gano inda suke, ta auna tazarar da ke tsakaninsu, sa'an nan ta bi sauran fuskar. In ƙyalli ya rufe ido, ko firam mai kauri ya ratsa ta kansa, ko inuwarsa ta faɗa a kai, sai lissafin ya rikice.

Wannan ne ya sa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta hana sa tabarau a hoton fasfo da na biza tun daga ran 1 ga Nuwamba, 2016. Ma'aikatar ta bayyana cewa a 2015 kaɗai ta mayar da hotuna fiye da 200,000 na masu neman fasfo saboda rashin kyau, kuma tabarau ne kan gaba cikin dalilai. Wanda aka ɗage wa dokar shi ne mai lalurar da ta hana shi cirewa, kamar wanda bai daɗe da yin aikin ido ba, shi ma sai ya kawo takardar likita mai sa hannu. Ingila kuwa ta ɗan sassauta. Shawararta ita ce kada a sa sai in ya zama dole, in an sa kuma kada ya zama baƙi ko mai launi, kada kuma firam ko ƙyalli ko inuwa su rufe idanu.

Nijeriya ma ta shiga wannan sahu tuntuni. An fara ba da fasfo mai ƙwaƙwalwar lantarki a 2007, a shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Katin Shaidar Ɗan Ƙasa, NIMC. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a Fabrairu 2014. A babban zaɓen 2023 kuma Hukumar Zaɓe ta yi amfani da na'urar BVAS, wadda ke tantance mai zaɓe da zanen yatsa ko da fuska. Manoma da 'yan ƙwadago da tsofaffi da yawa zanen yatsunsu ya shafe saboda aiki ko shekaru, fuskar ce ta rage musu. Ashe hoton da aka ɗauka da ƙyalli a ido yana iya tsayawa tsakanin mutum da kuɗinsa na banki, ko ƙuri'arsa, ko kujerarsa ta Makka.

Don haka in ma'aikacin rajista ya ce a cire, sai a cire ba tare da jayayya ba. Mai shirin tafiya kuma ya binciki ƙa'idar ƙasar da za shi tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai akwai ɗan ladabin da ya kamata ma'aikata su koya. Wanda ya yini da tabarau, in ya cire, yana bukatar minti biyu ko uku kafin idonsa ya huta, tabon karan hanci kuma ya lafa. A kuma nuna masa da hannu daidai inda zai duba, domin mai yiwuwa ba ya ganin idon kyamarar ko kaɗan. Dattijon da aka daka wa tsawa a gaban jama'a don ya dubi gefe, alhali kuwa an karɓe masa abin ganinsa, an zalunce shi.

INDA GYARA KE WUYAN MAI HOTO

In aka bar ofishin hukuma aka koma wurin biki ko shagon hoto, sai magana ta juya. A nan wanda ya biya kuɗi yana da haƙƙin ya fito yadda iyalinsa suka san shi, kuma dabarun da za su ba da haka ba su da tsada.

Ta farko ita ce a raba fitila da kyamara. A ɗaga ta sama da kan mutum, a gusar da ita gefe, yadda hasken da ya bugi gilashi zai gangara ƙasa. In fitilar a manne take, amma kanta yana juyawa, sai a harba ta ga farin rufi ko farin bango, hasken ya dawo a tausashe. Ta biyu, a roƙi mai tabarau ya ɗan sunkuyar da haɓa, ko ya ɗan juya fuska daga wajen fitila. Ta uku, a ɗan ɗaga hannayen tabarau biyu da ke hawa kunne, yadda gilashin zai ɗan duƙa ƙasa. Ɗagawar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta isa, kuma hula ko ɗankwali za su rufe ta. Ta huɗu, in da rana ne, a bar fitila gaba ɗaya, a tsayar da mutum a inuwar zaure ko kusa da taga, haske na zuwa masa daga gefe. A lura kuma da abin da ke bayan mai hoto, domin farin bango ko sararin sama mai haske su ma sukan fito a cikin gilashi. Ta biyar ita ce mafi sauƙi kuma ita aka fi mantawa da ita, watau a goge gilashin da tattausan ƙyalle, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan kome.

Mai kyamarar zamani yana da wata damar da magabatansa ba su samu ba. Su sai an wanke fim suke sanin abin da suka ɗauko, shi kuwa nan take yake gani a allo. In ya ga ƙyalli sai ya gyara ya sake, bai yi asarar kome ba. In abin ya ƙi, sai ya ɗauki hoto biyu ba tare da mutum ya motsa ba, ɗaya da tabarau ɗaya babu, ya haɗa su a kwamfuta.

Ya kamata kuma a san cewa tabarau ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai rikiɗa, wanda aka fara yi a shekarun 1960, da ke yin duhu in an fita rana ya washe in an shiga ɗaki. Mai irin wannan in za a ɗauke shi a waje sai idanunsa su ɓace, in kuma ya shigo ciki sai an ba shi 'yan mintoci kafin gilashin ya washe. Akwai wanda aka yi wa shafin tare shuɗin haske, na masu yawan duban kwamfuta, shi kuma yakan mayar da ƙyalli shuɗi ko algashi, musamman a gaban fitilar nan mai kama da zobe da 'yan mata ke ɗaukar bidiyo da ita. Akwai kuma gilashi mai ƙarfi. Na wanda ba ya ganin nesa yakan ƙanƙantar da ido a hoto, ya kuma sa gefen fuska ya zama kamar an ɗan tura shi ciki, na wanda ba ya ganin kusa kuwa girmama ido yake yi. Maganin wannan shi ne mai hoto ya ja da baya kaɗan, ya kuma sa mutum ya fuskance shi sosai, kada ya karkace da yawa.

SHI MA MAI HOTON YANA DA IDO

Har ila yau akwai wani ɓangaren da ba a cika tunawa da shi ba, watau in mai ɗaukar hoton ne da kansa ke sa tabarau. Kyamarorin sana'a suna da 'yar tagar leƙe a baya, wadda aka tsara don a manna ido a jikinta. Tabarau kuwa yakan zauna kamar milimita 12 daga ido, saboda haka sai ya tura idon baya, mai hoto ya kasa ganin kusurwoyin hotonsa gaba ɗaya. Nan ne ake samun hoton ɗaurin aure da aka yanke wa liman rawani, ko aka bar waliyyin ango a waje. Kamfanin Nikon na Japan ya kula da wannan matsala a 1982, ya fito da kyamarar F3HP, wadda mutum ke iya ganin dukan hoton ko da idonsa na nesa da tagar da milimita 25. Duk mai tabarau da zai sayi kyamara ya kamata ya leƙa tagarta da tabaransa a fuska kafin ya biya.

A gefen tagar kuma akwai wani ɗan ƙaramin faifai mai juyawa, wanda da yawa daga masu hoto sun shekara da kyamara ba su taɓa taɓa shi ba. Aikinsa shi ne daidaita tagar da ƙarfin idon mai ita, kuma a kyamarori da dama yakan kama daga -3 zuwa +1 a ma'aunin da likitocin ido ke rubuta ƙarfin gilashi da shi. Yadda ake yi shi ne a leƙa, a riƙa juya shi har sai lambobin da ke cikin tagar sun fito tar. Wanda raunin idonsa bai wuce wannan iyaka ba yana iya ajiye tabarau ya yi aiki haka. Sai dai faifan ba ya gyara matsalar da ke zuwa daga rashin daidaiton dantsen ido, wadda ke sa layuka su riƙa yin biyu-biyu. Mai irin wannan sai ya leƙa da tabaransa, ya kuma sa wa tagar bakin roba don kada ta karce masa gilashi.

Masu ɗauka da waya su ma akwai nasu. Baƙin gilashi irin wanda direbobi ke sawa don kashe ƙyallin kwalta yana tace haske ta fuska ɗaya ne, allon wasu wayoyi da kyamarori kuma ta fuska ɗaya yake fitar da nasa. In aka kwantar da wayar, sai allon ya yi duhu kamar ta mutu, alhali kuwa lafiyarta ƙalau.

Daɗin daɗawa, duk ɗan Adam in ya haura shekara 40 ganinsa na kusa yakan fara raguwa. Sau da yawa sai a ga tsohon mai hoto wanda ya yi suna, hotunansa sun fara fitowa dishi-dishi, yana zargin kyamara, yana kai ta wurin gyara, 'yan ciniki kuma suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya je an auna idonsa, da wataƙila ɗan gilashin karatu ya tsare masa sana'arsa.

ABIN DA YA FI HOTO

Wani zai ce me ya kai wannan 'yar magana shafin jarida? Dalilin shi ne, "a cire tabarau" tana faɗawa ne a kan jama'ar da tun asali ke jin nauyin sa shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu matsalarsu irin wadda ake iya karewa ce ko magancewa, amma ba a yi ba. Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma a cikin masu matsakaicin raunin gani, babban dalili shi ne irin matsalar da tabarau kaɗai ya isa ya gyara.

Amma duk da haka sai ka ga ɗalibi an yanka masa gilashi ya ɓoye a jaka don kada a yi masa dariya, yana zaune a aji ba ya ganin allo. Sai ka ga budurwa ta ƙi sawa don an ce zai rage mata farin jini. Sai ka ji dattijo na cewa gilashi ƙara kashe ido yake yi, alhali kuwa sabo da gani garau ne ke sa mutum ya daina haƙuri da dishi-dishin da ya saba da shi a dā. To, in ranar da ta fi kowace muhimmanci a wurin yarinya, ranar aurenta ko ranar karɓar digirinta, aka ce ta cire gilashi "don ta yi kyau", me aka koya wa ƙannenta da ke tsaye suna kallo? An koya musu cewa tabarau aibi ne da ake ɓoyewa daga tarihi.

Saboda haka kira na farko ga ƙungiyoyin masu hoto na jihohi ne, da su sa gyaran ƙyallin gilashi cikin abin da ake koya wa yaran shago kafin a yaye su. Mai hoto ya tambayi mutum yadda yake so ya fito, kada ya yanke masa. Kira na biyu ga hukumomin rajista ne, da su rubuta ƙa'idar hotonsu ɓaro-ɓaro, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, su liƙa a ƙofa, domin mutum ya san abin da zai tarar tun kafin layi ya zo kansa. Kira na uku ga iyaye da malamai ne, da su bar yaro ya shiga hoton makaranta da tabaransa, su kuma tsawata wa masu yi masa ba'a. Na ƙarshe kuma ga duk wanda ke jin ganinsa ya canja, ya nufi wurin masana, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen ido na babban asibitin da ke kusa da shi, a auna shi, maimakon ya tsaya bakin titi yana gwada gilashin tebur ɗaya bayan ɗaya. Ido ba shi da na canji.

Allah Ya ƙara wa idanun masu karatu lafiya, Ya kuma kai kowa mako mai zuwa.